Famfon da ke Ƙarƙashin Gado

Ƙanen mijina, marigayi Ɗanjuma direba, shi ya fara ba ni labarin nan, Allah ya ji ƙansa. Ke Lantana, ajiye wayar nan ki saurara, don da ke a ciki.

Wai wani mutum ne ya haƙa tafkin kiwon kifi a bayan gidansa. Yana da tsohuwar akori-kura mai shan gas. Famfon da ke jawo mata mai daga tanki zuwa inji ya gaji, in ta hau tudu sai ta yi ta tari kamar ni da sanyin safiya. Mutumin ba rago ba ne, hannunsa kuma ya san ƙarfe. Ya ce zai yi mata nasa tsarin: famfo mai aiki da wutar batir, sabon tiyo tun daga tanki, matacin mai a tsakani, waya ta bi ta makulli yadda da ya murɗa famfo zai kama. Ya sayo komai a kwali, ya tura ƙarƙashin gado. Matarsa in tana shara sai ta ce, "Malam, kayan nan fa?" Shi kuma ya ce, "Aikin rabin yini ne." Haka kwali ya zauna har gizo-gizo ya yi masa saƙa. Sai ranar da zai ɗauko ƴaƴan kifi daga wani gari mai nisa, ranar da ya daɗe da sanin ta, sannan ya shimfiɗa buhu ya shiga ƙarƙashin mota. Komai ya zauna daidai, ban da wuri ɗaya: maɗaurin ƙarfen da ke matse bakin tiyo ya yi masa yawa. Kasuwa da nisa, hantsi yana ɗagawa. Sai ya yanko roba daga tsohon tib ɗin keke, ya naɗe wurin tam. Ya murɗa makulli, famfo ya ce ƙirrr, mota ta tashi. Ya wanke hannu ya kama hanya. Ko zagaya gari bai yi da ita ba.

Zuwa lafiya lau. Aka zuba masa ƴaƴan kifi a durom, ƙanana kamar yatsan jariri. Mai ƙyanƙyasar kifin ya ja masa kunne: muddin mota tana tafiya, ruwa yana kaɗawa, suna samun numfashi, in ka tsaya da su a rana, kai ka sani. To, abin da mutumin bai sani ba, gas yana cin irin wannan robar. Tun a hanyar zuwa take jiƙa, har ta yi laushi kamar ganda ta dahu. A dawowa, tsakiyar daji, ba gida gaba ba gida baya, iska ta samu kafa ta shiga tiyo. Mota ta yi tari, ta yi shiru. Famfo yana ta ƙirrr, amma kumfa yake turawa. Ya hau baya ya leƙa durom, sai ya ga duk sun taso sama, bakuna ƙanana suna buɗewa suna rufewa, ba kuka ba ƙara. Ya diro ya shiga ƙarƙashin mota. Hankalinsa ya ƙi kwanciya, ya fito ya sake hawa. In yana ƙasa, ruwa ya kwanta. In yana sama, mota tana nan inda take. Cikin ruɗewa ya tsoma hannu don ya kaɗa ruwan, ya manta hannun nan gas ne har gwiwa. Maiƙo ya shimfiɗu a kan ruwa, yana ƙyalli. Da kyar wani mai babur ya biyo, ya ba shi guntuwar waya ya ɗaure tiyon. Mota ta tashi. Ya iso gida da la'asar sakaliya. Matarsa ta leƙa durom, ta ga fararen cikkuna suna yawo a sama, kifi duk sun mutu. Da tun farko ya ɗaura kayan nan, da robar ta nuna halinta a ƙofar gida, inda babu mai mutuwa.

Da Ɗanjuma ya gama, mazan gidan suka yi ta dariya. Ni ban yi ba. Don na san ubanki Sama'ila yana da irin kwalin nan a ƙarƙashin nasa gadon, motarsa kuma tana irin tarin nan. Uwarki tana ɗauke da cikinki, ya tsufa, ungozoma ta riga ta ce haihuwar nan ba ta gida ba ce, sai asibiti. Kuma duk ƙauyen babu wata mota sai tasa.

Washegari ina idar da salla na ɗauki kujerata ta tsuguno, na shiga ɗakinsa ba sallama, na jawo kwalin na dire a gabansa. Ya ce, "Haba Inna, ai da saura." Na ce, "Da saura a wurin wa? Alkawari kuka yi da cikin?" Na dasa kujera a inuwar motar, na ce ba ni tashi sai ya ɗaura, da maɗaurin ƙarfe, ba roba ba. Da ya gama na shiga gaba na zauna, na sa shi ya hau da ni tudun bakin rafi ya sauko, ya sake hawa, kunnena yana kan injin. Yana tuƙi yana ƙunƙuni. Na ce masa, yi ta yi, ɗan nan, ni dai na san ba a fafe gora ranar tafiya.