Kawun Taurari

Kunun gyaɗar da Malam Gali ya dama da hannunsa ya huce a gaban Kausar, ita kuwa idonta na kan waya. Ya yi mata magana, ta ce "to, Baba" ba tare da ta ɗago ba. Can sai ta tuntsire da dariya, irin dariyar da rabonsa da samunta tun mahaifiyarta na da rai. Ba sai ya tambaya ba. Sabon babin Kawun Taurari ne ya fito.

Babu ɗan sakandaren da bai san wannan suna ba daga Zaitawa har Soron Ɗinki, amma babu wanda ya taɓa ganin fuskar mai shi. Labarinsa kawai ake gani yana yawo a waya, babi bayan babi: Kano ta nan da shekara ɗari, injuna sun ƙwace ruwan gari, yara sun koma zama a ramuka ƙarƙashin Jakara, wata yarinya Uwani tana harhaɗa jirgin sama da ƙarafan tsohuwar adaidaita sahu don ta fitar da su.

Gali ba ya musun alherin mutumin. Shekarar da aka yi rasuwar, Kausar ta daina ci, ta daina magana, sai kwanciya da kallon rufi. An yi rubutu, an je asibiti, duk a banza. A cikin wannan hali labarin ya ɓullo, yarinya ta tashi zaune. Wannan kam ya gode wa Allah.

Abin da bai yi zato ba shi ne za ta fara rubuta wa marubucin saƙo, shi kuma ya riƙa amsawa. Ta faɗa masa tana tsoron jarrabawa. Ta faɗa masa har yanzu tana jin ƙamshin turaren Ummanta a sif. Ranar da gajeren labarinta ya zo na ɗaya a makaranta, Kawu ta fara sanar wa, uban da ya haife ta sai da yamma ya ji, shi ma a bakin maƙwabta. Gali ya san duk abin da take gaya wa mutumin, kalma da kalma.

Ya taɓa gwada shiga hirar. Shi da ya tsufa yana gyaran rediyo da agogo a shagonsa na Jakara, ya ce mata a ganinsa jirgin Uwani ba zai tashi da batirin da ta samo ba, sai dai ta nemi wata dabara. Kausar ta dube shi da tausayi.

"Baba, kai ba za ka gane ba."

Da babi na gaba ya fito jirgin ya ƙi tashi, ba ta ko tuna ya faɗa ba. Sai yabon basirar Kawu take yi har aka yi sallar la'asar.

Yayarsa, Goggo Zubaida, ta lura da yadda yake haɗe rai. Ta ce masa abin kunya ne dattijo kamarsa ya riƙa kishi da mutumin da ko inuwarsa ba a gani.

Ranar Asabar da hantsi ya dawo gida ɗaukar tabarau, ya tsaya a zaure yana cire takalmi, sai ya jiyo muryar Kausar a tsakar gida tana taya Goggo tsinke zogale.

"Baba yana da kirki, Goggo, amma bai san ni ba. Da ana zaɓen uba, wallahi Kawun Taurari zan zaɓa."

Bai san lokacin da ya shiga ba. Ya fizge wayar daga cinyarta, ya jefa aljihu, ya ce daga yau kada ya sake jin sunan nan a gidansa. Ba ta yi gardama ba. Kallonsa kawai ta yi kamar baƙo, hawaye na zuba, kuma wannan kallon ya fi masa zagi ciwo.

Ya fita ya bi lungu yana sauri, ana gaishe shi ba ya amsawa. Ƙwace waya ba magani ba ne, ya sani. Muddin mutumin nan yana raye a zuciyarta, shi Gali mai kawo cefane ne kawai. Ya raine ta, ya goya ta a asibiti, ya ƙi ƙara aure saboda ita, amma wani suna marar fuska ya zo ya kwashe ladan. Kafin ya isa Jakara ya gama yanke hukunci: Kawun Taurari ba zai ga faɗuwar ranar yau ba. Za ta yi kuka, ta gaji, ta waiwayo ta ga wanda ya rage mata.

Ya shiga shago, ya ja ƙofa ya sa sakata da rana tsaka. Ya durƙusa bayan tarin matattun rediyoyi, ya laluba ya ciro abin da yake ɓoyewa a wurin, naɗe cikin tsumma. Ya yi abin da ya zo yi a tsanake, saura mataki ɗaya ya rage.

A daidai lokacin abin da ke hannunsa ya yi ƙara. Saƙo ne daga lambar Goggo Zubaida: "Kawu, ni ce Kausar. Baba ya ƙwace min waya. Na ɓata masa rai kuma ban san yadda zan ba shi haƙuri ba. Kai kaɗai nake iya gaya wa."

Malam Gali ya daɗe yana kallon tsohuwar wayar, kishi na cin ransa. Sannan ya goge sanarwar rasuwar Kawun Taurari da ya gama tsarawa, ya gyara zama, ya fara rubuta wa 'yarsa amsa kamar yadda ya saba: "Kausar, kwantar da hankalinki, Kawu na jin ki."