Dogon Layin Baya

Fintan Mulqueen, shugaban ƙungiyar tarihin garin Ballinross, ya ɗaga tsohon hoton don kowa a zauren coci ya gani. 'Yan ƙwallon 1958 ne, waɗanda suka lallasa ƙauyen Kilcrone suka ɗauko kofi ɗaya tilo da garin ya taɓa ci. Har yau da shi ake yi wa mutanen Kilcrone gori a kasuwar shanu.

"Mun samu sunaye goma sha huɗu," in ji Fintan. "Saura dogon nan na layin baya, wanda ya ci ƙwallon nasara. In an gane shi, sunansa zai hau allon tagulla."



Misis Hession, mai shekara casa'in da ɗaya, ta ajiye burodinta. "Miƙo nan, Fintan." Ta kai hoton dab da hancinta. "Ai Cathal ne. Shi ya fara neman aurena."

Zaure ya kaure da tafi. Fintan ya zaro biro yana tambayarta.

"Allah sarki! Ɗan gidan wa ne?"

"Ɗan Kilcrone ne gaba da baya, shi ya sa na ƙi shi. Nasu suka ƙi saka shi a wasan, fadan cocinmu ya ara masa rigar 'yan wasanmu a bayan coci."

Tafi ya mutu. Fintan ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya mayar da biro aljihu.

"To jama'a," ya ce, "tunda babu wanda ya gane shi, mu wuce batun gyaran rufi."