Gawar Coronel

Dona Zuleide ta shigo falo da 'yar ƙaguwa a kofi, karin kumallon Coronel, sai ta tarar da shi kwance a kan yashin tankin gilashi, ƙafafu sama.

Coronel jatan lande ne mai naushi, irin da masuntan birnin Recife na Brazil ke kira tamarutaca, kore shar, ga baƙin rai. Mijinta Valdemir ya fi kula da shi a kan hawan jininsa. Ga mutumin yana asibiti an yi masa aikin zuciya, gobe za a sallamo shi, likita kuma ya ja mata kunne kada ya ji abin tashin hankali.

Ta tsamo gawar da ludayi. Ba nauyi, launin ya koɗe, bayan a tsage. Dama kwanan nan ya ƙi abinci, ya toshe bakin raminsa da tsakuwa. Ta naɗe ta a tsumma ta tura bayan tukunyar wake a firji. Ta zauna, ta miƙe, ta leƙa tankin, ta sake zama. Ita fa ba ta taɓa son halittar nan ba, amma tsoro ya hana ta sakat.

Ta zaga shagunan kifin ado neman wani irinsa ba ta dace ba, sai ta hau bas zuwa bakin teku wurin Genival masunci.

"Dona Zuleide, abin da muke jefarwa kike nema? Dubi yadda ya tsaga min yatsa."

"Ba labarin yatsanka na zo ji ba. Kore nake so, ƙato, mafaɗaci."

"Kamar maigidan naki ke nan."

Da ta saki sabon a ruwa, ya zaga sau ɗaya ya nufi ramin ya hau tonon tsakuwar. Har ya gane gida, in ji ta a ranta. Yinin ranar tana jin ƙas, ƙas na naushinsa daga kicin, hankalinta ya ɗan kwanta.

Washegari da aka sallamo Valdemir, ko takalmi bai cire ba ya dafa kafaɗarta zuwa gaban tankin. Ya daɗe yana kallo.

"Zuleide, wannan ba Coronel ba ne."

Kuka ya ƙwace mata. Ta ɗauko tsumman ta miƙa masa, idonta a kan ƙirjinsa. Ya kwance, ya ɗaga gawar wajen taga, haske ya ratsa ta. Sai ya fashe da dariya yana dafe ɗinkinsa.

"Haba tsohuwa, rigarsa ce! Saɓa ya yi. Yana can ƙasan rami ya kulle kansa, jikinsa laushi kamar dafaffen rogo, ko kare kansa ba ya iya..."

Dariyar ta yanke. Suka juya tare. Ramin a buɗe yake, baƙon da ta kawo yana zaune a bakinsa yana ƙarasa cin wutsiyar Coronel.