Kyanwar da ta Iya Dashe

Tsohuwar ta tsaya cak a gaban gilashi, a gidan adana kayan fasaha na Tunis inda 'yarsu ta kawo su ranar Asabar.

"Maigida, dubi! Sak tulun mahaifiyata, wanda ka ce kyanwa ta fasa."

Ya dogara da laimar da yake tokarawa tun da sandar da ya gada wurin kakansa ta ɓata, ya marairaice fuska. Shi ya san inda tulun yake. Makon jiya, da iyali suka fita dashen bazara, ya binne shi har wuya a gindin ɗan zaitun ɗinsa, don ruwa ya riƙa tsattsafo wa saiwa.

"Allah ya isa tsakaninmu da kyanwar nan," in ji shi.

"Haba, bar ta, tana da hankali. Kullum da safe ina hango ta cikin jallabiya tana cika tulun da ruwa."

Ya hau tarin ƙarya, yana waigen ƙofa.

Ta gyara mayafi. "Ita ce ma ta ɗauki sandar kakanka ta kafa wa ɗan ɓaurena. Wallahi ya miƙe sambal."