Safar Hannu Daidai Ni

Baba bai taɓa saya mini abu daidai jikina ba. Rigar sallah sai an naɗe hannu, takalmi sai an cusa takarda. Kullum maganarsa ɗaya: "Za ka girma ka cika shi."

Ina aji huɗu yaran layinmu a Yakasai suka naɗa ni gola, ina tsaron raga da tsohuwar safar ƙafa a hannu. Ana gobe za mu kara da 'yan Dukawuya, bayan la'asar Baba ya goya ni a keke zuwa wajen wani mai gwanjo.

Da yake na san halinsa, sai na zaro wata ƙatuwar safar hannu na zura.

Mai gwanjo ya ce, "Madalla, Alhaji, wannan za ta yi masa shekara uku."

Baba ya matsa kan yatsun, ya ji babu kowa a ciki. Ya ɗauki ƙwallo a kan tebur ya jefo mini, ta sulluɓe ta bugi haɓata. Baba ya tuntsire da dariya, ya durƙusa da farar rigarsa yana tona dilar gwanjon har ya samo wata 'yar shuɗiya mai warin roba. Ta zauna mini cif.

Ya ce, "Riga ake saya saboda baɗi. Wasan nan gobe ne."

Ni da na ɗauka bai ma san da wasan ba.

Yau nakan saya wa 'ya'yana manyan riguna. Amma na san ranar da wasansu yake.