Haƙorin Ergash

Har sun kai ƙofar asibitin haƙori, Ergash ya sake tirjewa. Ya dafe kuncinsa na hagu, wanda ya naɗe da mayafin matarsa, ya ce shi fa ya ji sauƙi, su koma gida kawai.

"Sauƙin me? Wuce mu je, tsohon banza!" in ji Normat, ya damƙi hannun rigarsa kamar wanda ya kama ɓarawo.

Duk wanda ya san garin Margilan ya san tsofaffin nan biyu. Normat direban jirgin ƙasa ne da ya yi ritaya, Ergash kuwa a masaƙar siliki ya ƙare aikinsa, yana rini. Tare suka taso. Normat ya girme shi da shekara ɗaya tak, kuma bai taɓa barin kowa ya manta da haka ba. Tun da suka ajiye aiki, kullum suna gidan shayi suna musu. Normat yana taƙama da haƙoransa na zinariya, Ergash yana yi masa dariya da nasa farare tas, jeras kamar na saurayi.

Makon jiya ne Ergash ya fara nishi. Aka kawo osh, dafa-dukan shinkafa da nama, yana tururi, ya ture kwanon. Aka yi hira, ya yi shiru. Hankalin Normat ya tashi, don bai manta da maƙwabcinsu Holmat ba. Da ciwon haƙori shi ma ya fara, yana ta cusa kanumfari, har mugunya ta shiga jininsa ta taɓa zuciya. Da kafaɗarsa Normat ya ɗauki makarar. Ba zai ɗauki ta Ergash ba, wallahi ko da jan ƙafa sai ya kai shi gaban likita.

Shi kansa fa rabonsa da likitan haƙori tun ranar da aka saka masa zinariyar. Cewa yake zinariya ba ta ruɓewa, to me zai je yi? Ko da ƙarƙashin harshensa ya ɗan yi miki, wurin da yake zuba nas, wato garin tabar nan tamu ta sawa a baki, sai ya mayar da tabar ɗaya gefen ya riƙa barin shayinsa ya huce. Iyakar maganin ke nan.

A ɗakin jira Ergash ya kasa zama. Ya tashi, ya leƙa taga, ya dawo, ya sake tashi. Idan an buɗe ƙofar likita sai ya zabura ya kalli Normat. Can Normat ya lura hannun abokinsa ya koma kuncin dama. Ashe har ciwon ya fara yawo! Shi ma ya miƙe ya shiga safa da marwa, yana yi wa ma'aikaciyar jinya masifa cewa mutum zai mutu a layi.

Da aka kira su, Ergash ya tsaya ƙiƙam yana kallon kujerar nan mai fitila.

"Yaya, kai za ka fara hawa."

"Ni? Uban me ya same ni?"

"Tun muna yara na taɓa shiga ƙofa kafin ka? Na taɓa sa hannu a kwano kafin ka sa? Sai yau, a gaban 'yar mutane, zan zauna kana tsaye? Idan ba ka hau ba, ni gida na yi."

Kai, wannan mutum da taurin kai yake! Amma a garinmu babba ke fara komai, kuma Normat da kansa ya shafe rayuwarsa yana wa'azin haka. Ya ja tsaki, ya cire hularsa, ya haye kujerar.

"Buɗe ido ka gani, matsoraci. Haka maza ke yi."

Likitar, wata matashiya mai suna Dilfuza, ta haska bakin. Zinariyar ba ta tsayar da ita ba. Kai tsaye ta ɗaga harshen, ta daɗe tana dubawa, sannan ta lalubi ƙasan haɓarsa da wuyansa da yatsu.

"Baba, tun yaushe wannan mikin yake nan?"

Normat ya ce tun kafin azumi, ba wani abu ba ne. Ta ce abu ne. Yau ɗin nan za a ɗebi kaɗan daga wurin a kai gwaji, tabar kuma an rabu ke nan. Ba ta ɓoye masa ba: irin mikin nan yana iya zama ciwon daji. Amma da alama an zo da wuri, da ya ƙara wasu watanni da maganar ta zama wata.

Normat ya sauko. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai taɓa ji ba. Duk da haka bai manta abin da ya fito da shi daga gida ba.

"To, na ji, 'yata. Nawa zai jira. Duba min wannan tukuna, shi ne mai ciwon. Haƙori ya hana shi ci, ya hana shi barci."

Ergash ya riga ya kwance mayafin, yana ninke shi a hankali, kansa a ƙasa, idanunsa sun cika da ƙwalla. Likitar ta dube shi, ta dubi Normat, ta cire safar hannunta.

"Wane haƙori, Baba? Ai Baba Ergash ba shi da ko guda nasa a baki. Na roba ne sama da ƙasa, ni na yi masa su da hannuna."