Dorinar da Baba Ya Yi Alkawari

"Ba zan fito ba!" in ji autar, ta ƙanƙame kujerar mota.

Uban ya dafe kai. Tun daga Daura yake tuƙi, tabarmi da tukwane a saman mota, don yaransa su ga namun dajin Yankari. Yayyenta na can suna leƙen kogi, ita kuwa kuka take tun Kazaure.

"Haba uwata, me aka yi miki?"

Ta share hawaye. "Baba, kai ka ce in mun iso za mu ga dorina. Wallahi na iya haddata!"

Sai ya tuna da ɗaya dorinar, bulalar malaminta na Islamiyya.

Kafin ya lallashe ta su kai bakin ruwa, dorinar da ke kogin ta nutse.

Yarinyar ta yi ajiyar zuciya. "Alhamdulillahi."